Neman Kaske Daga Jiratawa Zuwa Tsibiri

Jiratawa, Litinin da asuba

Ƙarfe biyar da minti ashirin na fito daga gida. Rabi, matata, ta rako ni bakin zaure da ƙullin busasshen zogala da zan kai wa Gwaggo Hajo a Maraɗi. A jakata akwai ƙaramar rakoda, da pil, wato batir, huɗu sababbi, da kaset ɗin da na haɗa da kaina, da tsohon kaskena. Kaske shi ne abin nan da ake ɗorawa a ka ya rufe kunnuwa, mutum ya ji kiɗa shi kaɗai.

Sana'ata niƙa ce, shekara goma sha ɗaya ina tsaye gefen inji. Amma ranakun Asabar da Lahadi ni da abokina Isuhu, wani tela a Tsibiri, muna sa kiɗa a wajen biki da suna. Da siyasa ta buɗe muka ƙara da taron jam'iyyu, don kowace na son lasifikarta ta danne ta makwabciya. Rakoda biyu muke jerawa. Ɗaya na yi wa jama'a kiɗa, ni kuma ina cikin kaske ina laluben inda waƙa ta gaba za ta fara a ɗayar. Kiɗan Zayir muka fi sawa, mai amo mai nauyi, wanda ake ji har a ƙirji.

Ga abin da ya fito da ni. Mako uku kafin nan na ara wa Isuhu kasken. Ya maido mini a wajen wani suna a ƙofar gidan surukinsa. Ina sawa na ji ɓangaren hagu ya dushe, amon nan duk ya ɓace. Nan take, gaban surukin da baƙinsa, na ce ya musanya mini da lalatacce. Ya ce, "Lawali, kawo in ji." Na hana, na naɗe waya na sa a jaka. Tun ranar ba mu sake magana ba.

Ƙarfe shida saura kwata na samu bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ta ɗauko tumatir da zogala za ta kasuwa. Dala talatin direba ya karɓa. Na zauna kan buhu tsakanin mata biyu masu kwanduna.

Shingen jandarmomi

Tsakaninmu da Maraɗi kilomita goma ne da 'yan kai, amma sai shida da rabi muka kai shingen bakin gari, don motar ba ta son hawa. Jandarma ya duba katin shaida da takardar haraji, sannan ya ce in buɗe jaka. Da ya ga rakoda sai fuskarsa ta saki. Ya cire hula, ya ɗora kasken, ya danna. Ina kallonsa yana kaɗa kai.

"Wanga abu shina da kyau," ya ce. "Na saidawa ne?"

"Ya lalace, ranka ya daɗe. Gefe guda ya mutu."

Ya ɗaga kafaɗa ya miƙo mini. A raina na ce, me jandarma ya sani game da kiɗa.

Babbar kasuwa

Bakwai da minti goma na sauka. Masu kayan rediyo ba su buɗe ba, sai na zauna wajen wata mai koko, na sha na dala goma da ƙosai biyar.

Na san abin da nake so: kaske mai ƙwari wanda zai jure shiga mota da faɗuwa a rairayi, mai naɗewa ya shiga jaka, mai fitar da amo. Shagon farko na wani saurayi ne da ke ɗauko kaya daga Kano. Tun da aka karya darajar sefa kome ya ninka, abin da na sani jika biyu ya koma huɗu. Ya ba ni wani mai sheƙi, roba zalla, wayarsa siririya kamar zaren ɗinki. Na jona, na sa kaset ɗina. Hagu a dushe. Na ajiye na wuce. Shago na biyu na gwada uku, duk haka.

Shago na uku na wani dattijo ne mai farin gemu, ya kai sa'ar mahaifina. Ya sauko mini da kwali, ya buɗe a hankali, ya ce wannan ne mafi kyau da yake da shi. Na gwada. Haka dai. Rana ta fara zafi, raina ya ɓaci, sai na ɗaga murya.

"Baba, ku ji tsoron Allah. Kasuwa duka ba kaya sai jabu? Da furfurarka kake saida wa mutane mataccen abu?"

Makwabtansa suka leƙo. Ya karɓa, ya goge da hannun riga, ya maida cikin kwali. Wani mai saida kaset a gefe ya ce in ina son tsohon kaya na ainihi, in je unguwar Zariya in tambayi Malam Ilu mai gyaran rediyo.

Zariya, rumfar Malam Ilu

Na hau kabu-kabu ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, dala ashirin. Rumfar langa-langa ce ƙarƙashin bishiyar bedi, cike da gawar rediyoyi. Malam Ilu siriri ne, da tabarau ɗaure da zare.

"Mi kake biɗa?" ya ce.

Na faɗa masa. Ya jawo wani akwati ya fito da kaske baƙi, fentinsa ya koɗe. Ya ce daga wani gidan rediyo aka fitar da shi. Ya buɗe bakan kasken, wato lanƙwasar da ke hawa kai, da hannu biyu har na zaci zai karye, ya sake shi ya koma daidai.

"Ƙarfe ne ciki, ba roba ba. Duba nan, noti huɗu. Abin da ke da noti ana gyara shi, wanda aka liƙe da gam sai juji. Waya kuma nan take mutuwa, wajen kai, shi ya sa ka ga wagga da kauri. Kuma kunnen shina juyawa, kana iya jin guda, guda na sauraren jama'a."

Raina ya kwanta da shi tun kafin in ji. Na sa. Dama ya cika da amo mai daɗi, irin wanda ban taɓa ji ba. Hagu kuwa kamar daga cikin rijiya.

"Malam, shi ma hagunsa ya mutu."

Ya karɓa ya saurara. Ya ce in ba shi tsohon nawa, ya saurari shi ma, ya daɗe. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Nawa ka gwada yau?"

"Wannan na shida."

"Duka hagu?"

"Duka."

Ya miƙe, ya juya tsohon kaskena, na dama ya koma hagu, ya ɗora mini da hannunsa. Ya danna rakoda.

"Yanzu wane ya mutu?"

Hagu ne. Wayar da kullum take sauka ta kafaɗar hagu yanzu tana dama, amma dushewar ba ta bi ta ba.

Ya cire mini, ya ce in toshe kunnen dama da yatsa. Ya kwance agogonsa ya kara mini a hagu. Ban ji kome ba. Ya maido dama, sai ga shi ƙas, ƙas, ƙas.

"Wane aiki kake?"

"Niƙa."

"Inji ta wane gefe yake?"

Ta hagu yake. Ba kunnen na fara tunawa ba. Fuskar Isuhu na gani, da hannunsa a miƙe yana cewa kawo in ji. Sai ta dattijon nan yana goge kayansa da hannun riga.

"Tsohon naka lafiya lau yake," Malam Ilu ya ce. "Sai dai bakan ya tsage, ba ya kai damana."

Na zauna a benci kusan rabin awa. Shi kuma ya kwance baƙin kasken, ya ɗora ƙarfen narka dalma a garwashi tunda an ɗauke wuta, ya haɗa wayoyin yadda duk abin da ke cikin waƙa zai taru a kowane kunne, kada in rasa rabin kiɗa. Jika biyar ya ce, ban yi ciniki ba. Da zan tafi ya ce, "Ka rage ƙara. Guda ya rage maka."

Gidan Gwaggo Hajo

Ƙarfe biyu na isa, tafiyar minti biyar ce a ƙasa. Da na so, da na kai Tsibiri kafin la'asar. Ƙafata ce ta ƙi. Na ba Gwaggo, ƙanwar mahaifina, zogalanta, na ce zan kwana. Bayan magariba ta kawo tuwon hatsi da miyar kuɓewa, ta zauna tana kallona ina juya loma.

"Lawali, mi ya same ka?"

Na ba ta labari duka, ban rage ba. Kunnen ta yi wa addu'a. Maganar Isuhu kuwa ta ajiye mahuci.

"Yaron da ya ɗauki makarar ubanka? Gaban surukinai ka ce mai ɓarawo?"

"Ban ce ɓarawo ba, Gwaggo."

"To mi ka ce?"

Ta ce gobe in ban je Tsibiri ba, kada in sake taka mata gida.

Talata, Maraɗi zuwa Tsibiri

Ƙarfe takwas na biya wani ɗakin shan magani. Ma'aikata na yajin aiki, mutum ɗaya aka bari. Ya haska kunnen da tocila, ya ce ba datti ba ne, ba ƙuraje, ƙara ce ta cinye shi a hankali. Ya ce in riƙa sa auduga a wajen inji, in da hali in ga babban likita a Yamai. Na tambaye shi ko jin zai dawo. Ya ce ba ya yi mini alkawari.

Goma da minti arba'in taksin Tsibiri ya cika, mu bakwai, dala arba'in kowa. Kilomita goma sha biyu ne. Fasinjoji na ta gardamar zaɓe, direba na cewa shi jam'iyyarsa fetur. Ni ina ta shirya magana a zuci, ina rushewa.

Goma sha ɗaya da minti biyar na tsaya ƙofar shagon Isuhu. Yana kan keke yana ɗinka riguna. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na ciro tsohon kasken na jona, na miƙa masa.

"Ka ce in kawo ka ji. Ga shi."

Ya tsai da ƙafa. Ya sa, ya saurara, ya cire.

"Lafiya lau yake."

"Na sani. Kunnena ne ya mutu, Isuhu. Jiya na gane. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana duban allura. Na ga tausayi ya taso masa, na ga ya danne.

"Allah shi sawwaƙe. Amma ba nan ka faɗa ba, Lawali. Ka san mutum biyu sun zo sun karɓe yadinsu ba a ɗinka ba? Ka san Baba Ɗantani ya kira ɗiyatai ya tambaye ta ko na saba ɗaukar kayan mutane?"

Baba Ɗantani shi ne surukin. Ban san wannan ba ko kaɗan. Na ce ya faɗi abin da yake so in yi.

"Inda ka ɓata, can za ka gyara."

Muka yi azahar a masallacin unguwarsu. Da aka sallame, mutane na neman takalma, na miƙe a bakin ƙofa. Na ce jama'a su dakata. Na ce ni ne wanda ya tuhumi Isuhu ranar suna, ƙarya na yi masa, bai taɓa mini kome ba, kunnena ne ya lalace ban sani ba, girman kai kuma ya hana ni barin wani ya saurara. Wani daga baya ya ce bai ji ba, in ƙara faɗa. Wasu suka yi dariya. Na sake faɗa daga farko.

Baba Ɗantani ya dogara sanda ya matso. Bai dube ni ba, Isuhu ya duba.

"Ni ma na yi zato. Ka yi haƙuri, ɗana."

Isuhu ya sunkuyar da kai, ya rufe fuska da hula. A nan na ga girman abin da na yi, tunda har tsoho ya nemi gafarar surukinsa gaban jama'a saboda bakina.

Muka koma shago, matarsa ta aiko da fura. Bai yi hira da yawa ba. Ya gwada baƙin kasken, ya lanƙwasa bakan, ya ce wannan zai daɗe. Da zan tashi ya ce akwai biki Asabar ta sama.

"Kai ka zaɓi waƙa. Ƙarar lasifika kuwa ni ke riƙe ta daga yau. Shekara guda ke nan mutane na kuka ka cika ƙara, ina kare ka."

Komawa gida

Huɗu daidai na bar Tsibiri, huɗu da rabi ina Maraɗi. Shagon dattijon nan bai fi taku ɗari biyu daga inda na sauka ba. Na kai bakin layin, na hango shi yana jera kaya, na juya. Ban iya ba ranar. Sai da na ƙara zuwa Maraɗi sau biyu kafin na tsaya gabansa, kuma ya gane ni tun ban buɗe baki ba.

Ban samu mota ba, sai kabu-kabu ya kai ni Jiratawa a dala ɗari. Shida da minti goma na shiga gida. Rabi na tankaɗe a tsakar gida. Na zauna a turmi na faɗa mata kome. Ba ta yi mamaki ba.

"Tun bara na sani," ta ce. "In zan yi maka magana sai na zagayo ta dama. Yara ma na koya musu."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa sau biyu. Na farko ba ka ji ba. Na biyu ka ji, ka yi kwana biyu ba ka ci tuwona ba."

Ta kawo mini ruwa, ta zagayo ta dama ta ajiye.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Ilu da bai yi mini dariya ba, da Gwaggo Hajo da ta kore ni zuwa inda ya kamata, da Isuhu da ya amsa sallamata. Rabi kuwa, da na yi mata godiya sai ta ce in tashi in yi alwala, an kira magariba tun ɗazu.