Muciyar Inna a gidan waya

"A yanke me?" Inna ta rungume muciyarta a tsakiyar gidan waya.

Ƙanwata Hajjo za mu aika wa ita ƙasar waje, amma ma'aikacin ya auna, ya ce ta wuce tsawon kwalin da aka yarda da shi da yatsu uku, sai an yanke ta.

"Ɗan nan, tun kafin Turawa su shigo Haɗeja muciyar nan take tuƙa tuwon gidanmu. Sai dai kai a rage maka tsawo!"

Yana dariya ya kwantar da ita a karkace cikin kwali, kusurwa zuwa kusurwa. Ta shige daram!

Inna ta rangaɗa guɗa, ni ma na tsinci kaina ina tafi.

Ku fa, wane kayan gado ne ba za ku bari a taɓa ba?