Ranar da Motar Kaka ta Tashi

Mahaifina bakanike ne, a gareji kuma Guduma suke kiransa. Duk abin da ya ƙi masa, duka yake sha: ƙofa, rediyo, yayyena maza, har ni da nake mace ban tsira ba. Ina sonsa, amma ban taɓa yarda na zauna inda hannunsa zai kai ba.

Tsohuwar motar kakanmu kaɗai yake lallashi. Baƙa ce mai dogon hanci, shekara tara tana fake a tsakar gida. Ya sake mata batir, ya sake filogi, amma kafireta ta ƙi. Wata rana ta hana mai wucewa, wata rana ta tumbatsa har injin ya shaƙe. Yakan kwance ta a kan tabarma, ya wanke da fetur da tsohon buroshin haƙori, ya hura ƙananan ƙofofinta da baki har leɓensa ya tsage.

Baffa, yayansa, ya gaji. Ya ce gidan na gado ne, ba juji ba. Wata safiya sai ga shi da 'yan gwangwan biyu ɗauke da gatari da zarton ƙarfe. Baba ya tare su. Sifanar da ke hannunsa ya sauke wa Baffa a baki, haƙora biyu suka faɗo kan siminti. Suka kama kokawa, suka fasa tulun ruwa, Mama na kuka tana jan rigar wannan tana jan ta wancan.

Da aka raba su, Baffa ya tofar da jini ya ce, "Ni zan murɗa makullin da hannuna. In ta tashi, taka ce. In ta ƙi, a gabanka za a sare ta."

Baba ya cire murfin iska, ya ɗauko kwalbar fetur yana tsiyayawa kai tsaye cikin maƙogwaron kafireta, abin da shi kansa yake marin mutane a kai. Murɗawa ta farko, tari. Ta biyu, shiru. A ta uku injin ya yi atishawa, wuta ta yi tsalle ta kama kwalbar, ta bi hannunsa har kafaɗa. Sai kuma motar ta ɗauka, gidan duka yana rawa.

Na ruga da bargo. Ina jin ƙaurin fatarsa, shi kuwa ta kaina yake leƙen Baffa.

"Yaya, kar ka ɗaga ƙafarka daga totur. Kar ka bari ta mutu."

Baffa bai ɗaga ba. Yana zaune jini na zuba a ƙirjinsa, yana kallon ƙaninsa na ci da wuta.

Yatsun Baba na dama sun manne, ba ya iya riƙe sitiyari. Motar tana nan lafiya lau. Duk ranar hutu Baffa ke zuwa ya zagaya da shi gari, Baba a kujerar gefe, hannun a cinya, yana masa faɗa kan yadda yake sa giya.