Injin Jirgin Da Na Ƙi Rabuwa Da Shi

Assalamu alaikum, Edita. A farkon shekarun dubu biyu ni injiniya ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, haifaffen Kano, ina zaune a Germantown ta jihar Maryland a Amurka da matata da 'ya'yanmu biyu. Kullum da safe nakan bi titin 270 in gangara Alexandria, inda nake aiki a wani kamfani mai yi wa gwamnati kwangila. Aikin kwamfuta ne zalla, alhali ni tun ina yaro hannuna bai saba rabuwa da baƙin mai ba. Ba don kunya na sakaya sunana ba, sai don waɗanda labarin ya shafa har yau muna haɗuwa a masallaci.

Wani abokin aiki ne ya kai ni wani ƙaramin filin jirgi a karkarar Maryland, inda wasu tsofaffi 'yan fansho ke taruwa ranar Asabar suna farfaɗo da wani tsohon jirgi. Babbansu Bature ne ɗan Ingila, tsohon matuƙi, matarsa ta rasu, ba shi da sauran abin yi sai wannan. Ya yaye tamfol ya nuna mini injin, irin wanda Ingilishi suka ƙera tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Silinda tara ne a zagaye, kowace ta fuskanci waje kamar wayoyin ƙafar keke, farfela a tsakiya. Ba ya shan ruwa kamar injin mota, iska ce ke sanyaya shi, shi ya sa ya fi sauƙin nauyi. Da tsohon ya ji ni Bakano ne sai ya yi dariya, ya ce ai jirage masu irin wannan inji sun sha yada zango a garinmu lokacin yaƙi, a kan hanyarsu ta zuwa Masar. Tun daga wannan rana, Asabar ta daina zama tawa.

Da na ga aikin na tafiyar hawainiya sai na fara ɗauko wasu sassan zuwa gida. Notunan Ingila na wancan zamani ba sa shiga sifanar Amurka, don haka na yi ta odar sifanu da fulogogi daga can, kwalaye suna ta zuwa ƙofar gidana. Bayan la'asar sai in buɗe gareji, ina cikin jallabiyata, in zauna ina wanke silinda da kananzir. Ban yi la'akari da cewa ba a daɗe da kai wa Amurka harin nan na jiragen sama na 11 ga Satumba ba, kuma maƙwabtana ba inji suke gani ba. Musulmi mai gemu suke gani da kayan jirgi.

Wata safiya jami'an tsaro biyu suka buga ƙofa. Ba su ɗaga murya ba, ba su taɓa kowa ba. Sun tambaye ni wanda ke aiko kwalayen, da masallacin da nake zuwa, da dalilin da ya sa nake son jirage. Na buɗe musu komai, har na nuna musu yadda fistin ke shiga silinda. Na ɗauka magana ta ƙare. Da na je ofis sai aka karɓe katina na shiga, aka ce in zauna a gida har a gama bincike.

Wallahi wannan bai yi mini ciwo kamar abin da namu suka yi ba. Wayata ta yi shiru. Waɗanda muke cin tuwo kwano ɗaya da azumi suka koma ɗaga mini hannu daga nesa. Muka je wani suna a Mitchellville, ina zama a falo hira ta mutu. Can sai wani dattijo likita, wanda dukanmu muke kira Baba, ya ja ni waje wajen motoci.

Ya ce, “Ɗana, ka kwashe ƙarafan nan ka mayar wa Turawa kayansu. Ka jawo mana ido, kuma kowa a nan yana da iyali.”

Na ce, “Baba, da kayan sata aka kama ni da su, da na sunkuyar da kai. Inji nake gyarawa.”

Ya ce taurin kai ne zai kai ni ya baro, ya koma ciki bai ko yi mini sallama ba.

A gida ma ba sauƙi. Matata ma'aikaciyar jinya ce, duk ta rame. Ta ce ba aikina ne ya dame ta ba, tsoronta kada a fara nuna yaranmu da yatsa a makaranta. Maimakon in saurare ta sai na daka mata tsawa, na ce ita ma ta bi sahun matsorata. A duk wannan al'amari, wannan tsawar ce kaɗai nake nadama. Ganin hawayenta ya sa na loda sassan a mota na nufi filin jirgin da niyyar ajiyewa in wanke hannuna. Na tarar da tsohon Baturen yana goge farfela. Ya riga ya san komai, domin shi ma an zo an yi masa tambayoyi a kaina. Bai yi mini jaje ba, bai roƙe ni ba, kawai ya tambaya ko na gama da bawul ɗin silinda ta ƙasa. Ina tsaye da makullin but ɗin mota a hannu na gane cewa in na sauke kayan nan, na amsa laifin da ban yi ba, kuma gobe duk wanda ya ga dama zai zaɓa mini abin da zan taɓa da wanda ba zan taɓa ba. Na ce masa da saura. Na juya da kayana gida, na ba matata haƙuri, na gaya mata ba zan daina ba. Sai ta ce to mu nemi lauya.

Aka ɗauki watanni ana kira ana sake tambaya, amsata ba ta canza ba. Daga ƙarshe aka maido mini da katina, ba wanda ya ce yi haƙuri. Shi kuwa injin sai da muka ƙara shekaru a kansa, har biyu daga cikin tsofaffin suka rasu ba su ji kukansa ba. Ranar da za a tayar, ni aka ba in juya farfela da hannu, domin baƙin mai kan taru a silindojin ƙasa, in ba a fitar ba sai ya lalata inji. Da aka kunna injin sai ya yi tari, ya tofar da farin hayaƙi, ya sake tari, sannan ya kama da rugugin da na ji har cikin ƙirjina. Matata tana gefe, ta danne mayafinta da hannu ɗaya ta toshe kunne da ɗayan, tana dariya. Na gayyaci Baba, bai zo ba.

Abin da na koya shi ne tsoro ya fi jami'ai saurin shiga gida. Ga 'yan'uwana da ke zaune a ƙasar wasu, in kana wani abu na halal da ido bai saba gani ba, ka shiga wajen maƙwabcinka ka yi masa bayani tun kafin ya yi wa kansa. In an zo da tambayoyi ka nemi lauya da wuri, kada kuma ka huce a kan iyalinka. Amma kada ka yar da abin da kake so don a daina kallonka, ba za a daina ba. Ku kuma da kuka ji ana binciken ɗan'uwanku, ba a ce ku tsaya masa shaida ba, ku ɗaga waya ku gaishe shi kawai. Na yafe wa duk wanda ya guje ni, muna gaisawa lafiya lau. Amma a kan wannan inji ban nemi gafarar kowa ba, kuma ba zan nema ba.