Lauratu, Wadda Aka Kora Saboda Karatu a Kunne

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, Allah Ya karɓi ran Lauratu Dalhatu a gidanta da ke Maigatari, bayan jinyar ciwon ƙoda. Ba ta cika arba'in ba.

Lauratu, na yi ta jinkirin rubutun nan, don ban tabbata ni ce ta dace da shi ba. Amma waɗanda suka fi ni iya magana sun yi shiru.

Tare aka kai mu makarantar kwana ta 'yan mata, ni daga Ɗanzomo, ke daga Maigatari ta bakin boda, wato iyakar ƙasa, gadonki a saman nawa. Ke kika koya mini ɓoye ƙuli-ƙuli a cikin safa kada manya su ƙwace. Da aka sace bokitina, zango guda muna wanka da naki. Ranar ziyara in ba a zo mini ba, sai ki ja ni tabarmar Innarki ki ce, "Inna, ga ɗaya 'yar taki."

Muna aji uku 'yan mata suka fara faɗuwa suna ihu, wai iskokai. Kowa gudu yake yi. Ke kaɗai kike durƙusawa, ki ɗora kan yarinya a cinyarki, ki yi mata karatu a kunne kamar yadda mahaifinki yake yi wa marasa lafiya, har ta lafa.

Shi ne laifinki. Aka ce tunda suna jin maganarki, naki ne. Shugabar ɗakinmu, Khairiyya, ta tare ki a bakin famfo.

"Ke 'yar boda, me kike raɗa musu?"

Kika ce, "Ayatul Kursiyyu ce, Anti. Ko ke ma in karanta miki?"

Aka daina cin abinci da ke. Aka daina ba ki kitso. Daga baya hukumar makaranta ta ce ki je gida ki huta, hankalin yara ya kwanta. Ba a sake kiran ki ba. Faɗuwar kuwa ta ci gaba har ƙarshen shekara, kuma ban ji wanda ya ce an yi kuskure ba. Wadda ta fi mu lissafi ta ƙare da aji uku, mu muka fito da takardu.

Na ɗauka maganar ta mutu. A zaman makokinki, wata 'yar ajinmu ta sunkuya tana cewa, "Dama ai tun muna makaranta tana da mutanen ɓoye." 'Yarki Humaira, wadda aka ɗauko daga tata makarantar kwanan, tana raba ruwa a bayanmu. Ta biyo ni zaure.

"Anti Mansura, da gaske ne abin da matar can ta ce?"

Kuka ya hana ni ba ta amsa yadda ya kamata.

Allah Ya jiƙan ki, Lauratu, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya bi miki haƙƙinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Malam Badaru, da mahaifiyarki Inna Rakiyya, da 'yan uwa baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri.

Ke kuma Humaira, ga amsarki a rubuce, ki nuna wa duk wanda ya sake faɗa. Ƙarya ne. Ina wurin. Mahaifiyarki ba ta da komai sai Alƙur'ani da tausayi.

Mansura Hussaini, Ɗanzomo