Gwajin Gumin Da Ya Gano Ciwon Sadiku

Na daɗe ban ce komai ba a shafin nan. Tsofaffin ɗalibaina suna ta turo saƙo: "Malama, ko kin yi fushi da mu ne?" Ban yi ba, 'ya'yana. Jinyar ɗana Sadiku ce ta riƙe ni.

Tun yana goye yake tari. Ga ci kamar gara, amma ba ya ƙiba. Bayan gidansa mai maiƙo ne, ga wari.

Asibitin farko suka ce nimoniya. Na biyu suka ce tarin fuka, muka yi wata da watanni muna ba shi magani. Ana cikin haka 'yan bindiga suka shigo Mubi, muka gudu ta Maiha da ƙafa, yana bayana yana tari. Katinsa na asibiti da hotunan ƙirjinsa muka bari a gidanmu na Sabon Layi. Da muka dawo babu ko ɗaya.

Daga nan duk inda muka je sai a fara daga farko. Hoton ƙirji. Gwajin majina. Gwajin ƙanjamau, a sake, a kuma sakewa, kullum babu. Sai a ƙara rubuta maganin tarin fuka.

Na ce wa wani likita, "Ranka ya daɗe, mun sha wannan, bai yi ba."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Ku iyaye ba kwa ba da magani daidai."

Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane kimiyya, ni ce ban iya ba da magani ba.

A Yola muka haɗu da wata likitar yara. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Maman Sadiku, in kin sumbace shi kina jin gishiri?"

Na ce, "Likita, a zafin Mubi wa ya rasa gishiri a jiki?"

"Ba irin wannan ba. In guminsa ya bushe, yana barin fari-fari a goshi?"

Yana bari. Kullum nakan goge da bakin zane, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Ta ce tana zargin wani ciwo mai suna sistik faiburosis. Gadonsa ake yi daga uwa da uba, kamar sikila. Yana sa majina ta yi kauri ta toshe huhu, ta kuma hana jiki cin moriyar abinci. Ta ce, "An koya mana cewa ciwon Turawa ne, shi ya sa ba ma nemansa." Hanyar tabbatarwa ita ce a auna gishirin da ke cikin guminsa, kuma sai mun je Abuja.

Babansa ya sayar da waken da muka ajiye na shekara. Na tafi tare da surukata, Dada, don shi ba a ba shi hutu ba.

Da safen ranar gwajin na fita sayo koko. Na dawo na tarar Sadiku yana ƙyalli kamar sabon kwano. Dada ta yi masa wanka, ta mulke shi da man kaɗanya daga wuya har tafin ƙafa. Ta ce, "Jikana ba zai shiga gaban manyan likita da kaushi kamar maraya ba." Ni ma na ga ya yi kyau.

Mai gwajin ya shafa hannun yaron, ya dubi yatsansa. "Hajiya, me kuka shafa masa?"

Ashe ba a shafa mai ko kaɗan tun daga jajibirin gwajin, don yana iya ɓata sakamako. Babu wanda ya faɗa mana. Kuma rana ɗaya suke yinsa a mako.

Dada ta ce, "Injin da ke tsoron man kaɗanya ne zai gano ciwo?"

Ban yi dariya ba. Na zauna a barandar asibitin na yi kuka. Magana ɗaya a waya da ta isa. Haka muka yi mako guda a ɗakin wata 'yar uwa, guzuri yana ƙarewa, yaro yana tari.

Ga yadda gwajin yake, don kada ku tsorata. Babu allura. Ana sa magani a fatar hannu, a ɗora wani ɗan inji na 'yan mintuna. Sadiku ya ce kamar tururuwa ke yawo a wurin. Sai a ɗaura abin da zai tara gumin, a jira kamar rabin awa.

Gishirin ya fito da yawa. Aka maimaita, haka dai. Daga baya gwajin jini ya tabbatar.

Na ji tsoro, don likita ta ce ba a warkewa, lallaɓawa ake yi har abada. Amma fushi ya fi tsoron yawa. Shekarun nan duka ana ɗura wa yaro maganin ciwon da ba shi da shi.

Yanzu yana haɗiyar ƙwaya kafin kowane abinci don ta taimaka masa ya narke. Safe da yamma muna bubbuga masa ƙirji da baya majina ta fito. Samun ƙwayar wahala ne, sai an yi saƙo daga nesa. Amma kumatu sun fito.

Iyaye, ku ji. In an sha maganin tarin fuka babu sauƙi, yaro yana ci ba ya ƙiba, ku ce a nemi wani dalilin. Ku ambaci gwajin gumi da bakinku. Kafin ku hau mota ku tambayi abin da ake yi da wanda ba a yi. Ku ɗauki hoton kowace takardar asibiti a waya.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan da ta saurara, da malaman da suka riƙe min ajina, da Dada da ba ta bar ni na yi tafiyar ni kaɗai ba.

Jiya aka kawo min ƙarar Sadiku a makaranta. Wai ya bi wani yaro da gudu har bakin ƙofa ya ƙwace ƙwallo. Na yi masa faɗa sosai a gaban malaminsu, sannan na shiga ofis na rufe ƙofa na yi sujadar godiya.