Kangon Manniru

Idan ka fito daga kasuwar Gudu ka bi layin masu walda, za ka ga wani gini mai hawa biyu da ya yi shekara da shekaru a tsaye, ba ƙofa ba taga. Duk unguwar kangon Manniru ake ce masa, alhali ko bulo ɗaya Manniru ba shi da shi a ciki. Maigadi ne kawai. Wani attajiri ne ya fara ginin da zafi-zafi, da abin ya fita ransa sai ya ɗauki Manniru ya ce ya kular masa da rodi da ragowar yashi, ya yi gaba abinsa. Haka Abuja take, kuma abin da ban takaici wallahi, gidaje na kwana ba kowa, mutane na kwana a titi.

Manniru mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Bakura, dogo, siriri, mai saurin hawa da saurin sauka. Cirani ya zo da niyyar komawa kafin damina, yau ga furfura ta fara fito masa a gemu. Ya tura baron rake, ya yi ga-ruwa, ya yi dako a kasuwa. A shekarunsa na farko a barandar shagunan mutane yake shimfiɗa kwali. Akwai wani mai shago da kullum kafin ya rufe sai ya sheƙa ruwa a barandarsa, don kada wani ya kwanta masa. Har gobe in Manniru ya tuna mutumin nan sai ya ja tsaki, ko da kuwa yana tsakiyar cin abinci ne.

Shekarar da aka yi wani rusau a Mpape, wata mai gasa masara da ake kira Christina ta tsaya a bakin kangon, katifa a ka, yara biyu riƙe da zaninta. Manniru ya taso mata da faɗa.

"Madam, an ce miki nan otal ne? So kike a kore ni daga aiki?"

Yana faɗan yana sauke mata katifar. Kafin ya gama masifa ya riga ya kai ta ɗakin baya, ya nemo buhun siminti ya toshe tagar. Halinsa ke nan, baki na korar mutum, hannu na ɗaukar masa kaya.

Tun daga kan Christina ƙofa ta buɗe. Wanda mai gida ya watso wa kaya waje, wanda katafila ta bi ta kan ɗan ɗakinsa na kwano, baƙon da ya sauka a tasha ya tarar ɗan'uwan da ya zo nema ya tashi, duk sai masu shayi su nuna musu hanya. Wasu masu gadin haya suke karɓa a kangayen da ba nasu ba. Manniru ko ruwan leda ba ya karɓa, amma fa akwai doka. Ba a taɓa kayan oga, ba a shanya ta gefen titi, kuma duk wanda ya fara samun na kansa, Manniru zai sa shi gaba da mita sai ya kama ɗaki.

"Kango ba gida ba ne," in ji shi. "Tasha ce. Ka huta, ka ba wani wuri."

Mutum ɗaya ne wannan doka ba ta taɓa hawa kansa ba, wato Baba Ishaya. Tsoho ne daga wajen Kagoro, ya ƙarar da ƙarfinsa a wurin fasa dutse na Mpape har ƙura ta cika masa ƙirji. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, rusau kuma ya ci ɗakinsa. Tun da ya shigo kangon, shi da Manniru ba su taɓa wuni ba su yi cacar baki ba. Baba ya ce shayin Manniru ruwan wanke-wanke ne. Manniru ya ce to ya daina shanyewa har da sake miƙo kofi. Ran Lahadi Manniru ke riƙe masa hannu su tsallaka titi zuwa coci, yana tafe yana gunaguni wai an mayar da shi ɗan jagora. Ran Juma'a kuwa Baba ke zama a bakin get da sanda, yana muzurai kamar zai iya kama ko kaza.

Ana nan kwatsam aka sayar da kangon. Wadda ta saya, Madam Catherine, 'yar Pankshin ce da ta yi ritaya daga aikin gwamnati, mace mai tabarau da magana ɗaya. A gaskiya ba ta yi rashin mutunci ba. Ta zagaya ta ga labulen buhu da murhun duwatsu, ba ta kira 'yan sanda ba. Ta ce ta ba kowa zuwa ƙarshen wata, ma'aikata za su shigo. Shi kuma Manniru ya ci gaba da gadinsa, ga ɗan ɗaki nan a bakin get.

"Amma kai da iyalinka kawai," ta ce. "In na ga baƙo, kai da shi za ku fita tare."

Iyalin Manniru kuwa, matarsa Muhibba da yara, suna can ƙauye.

Nan fa Manniru ya ɗaura ɗamara. Ya san masu gadin kangaye tun daga Gudu har Lokogoma, kuma babu wanda bai taɓa yi wa rana ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wani da roƙo, wani da gori, har silifas ɗinsa ya tsinke. Christina da yaranta ya kai su wurin abokinsa Salisu. 'Yan dakon da ke kwana a kangon ya haɗa su da wani mai gareji. Kowa ya samu inda zai sa haƙarƙarinsa, sai Baba Ishaya. Duk wanda ya ji tarin nan sai ya ja da baya. Manniru ya rantse ya maya cewa asibiti sun gwada, ba tarin fuka ba ne, ƙurar dutse ce. Ina! Salisu ma da suke ci a kwano ɗaya cewa ya yi:

"Manniru, ka yi mini rai. In tsohon nan ya cika a hannuna, me zan gaya wa hukuma?"

A coci an karɓe shi da mutunci, an ce ana nema masa wurin zama a garin Kwali, a ƙara haƙuri. To, haƙuri dai ba ya tare ruwan sama, ga shi damina ta kankama. Manniru ya rame a tsaye. Tsoro yake ji ƙwarai, domin ya san ƙirjin nan ba zai jure kwanan baranda ba.

Rana ba ta ƙarya. Ranar da ma'aikata za su shigo, Baba ya yi sammako ya ɗaure 'yan komatsansa a jakar bakko, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya kama hanyar get yana dogara sanda.

"Ina zuwa?" in ji Manniru.

"Inda Allah ya yi. Ba zan ci maka aiki ba."

"Ji tsoho da taurin kai! Ko titi ba ka iya tsallakawa, wai inda Allah ya yi."

Ya fizge jakar ya wurga ta ɗakin gadi. Suna cikin ja-in-ja sai ga motar Madam, ita da injiniyanta. Ta fito, ta dubi tsohon, ta dubi jakar da ke leƙowa ta ƙofa.

"Manniru, wane ne wannan?"

"Babana ne, Madam."

Kai, Manniru! Mutumin da ko yaro ba ya iya yi wa wayo, shi ne yau zai shirga ƙarya gaban matar da ta shekara talatin tana sauraron uzurin ma'aikata. Ga shi dogo, fari, da carbi a hannu. Ga Baba gajere, baƙi wuluk, gicciye na reto a wuyansa. Injiniya ya juya baya yana danne dariya. Gumi ya karyo wa Manniru.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta matso kusa da tsohon.

"Baba, kai dattijo ne, ba za ka yi mini ƙarya ba. Ɗanka ne?"

Manniru ya dinga ƙyafta masa ido kamar wanda tsakuwa ta faɗa wa. Baba ko kallonsa bai yi ba. Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki da hannun riga.

"Madam, ban haife shi ba. Ƙarya ya yi miki, kuma saboda ni ya yi." Ya numfasa. "Amma na riga na gaya wa fastonmu, ran da na mutu kada a nemi kowa. A nemi Manniru. Shi zai kai ni gida ya sa ni kusa da matata. Ba ni da wani. Ke kika yi boko, ke za ki faɗa mini sunan wannan."

Manniru bai taɓa jin wannan magana ba sai yau. Madam ta daɗe tana goge tabaranta da gefen gyale. Da ta mayar, injiniya ta juya wa.

"Kafin ku taɓa komai, ku fara gyara rufin ɗakin nan, ku sa masa taga. Siminti kuma a sauke shi can baya, nesa da ƙirjin Baba."

Ta wuce ciki abinta. Manniru ya juya wa tsohon baya, ya kama gyaran sakatar get da ba abin da ya same ta. Hawaye ne ke zubo masa, yana jin haushin kansa. Da ya samu murya sai ta fito da faɗa.

"Haba Baba! Ka ɗora mini irin wannan kaya ba shawara? Ni ko hanyar garinku ban sani ba."

Baba ya lallaba ya zauna a kan benci, ya matsa gefe, ya buga tafinsa a kan katakon.

"To zo zauna in kwatanta maka, tun ina da numfashi."

Manniru ya goge fuska da hularsa, ya zo ya zauna.