Gogen Bahago

A farkon zuwana New York aikin jinya nake yi gida-gida. Daga unguwar Morrisania nake shiga jirgin ƙasa in sauka Harlem, wajen wani tsohon Bature da hannuwansa suka fara rawa, ko kofin shayi ba ya iya kaiwa baki sai an tallafa masa. Baba nake ce masa, shi kuma yana amsawa, bai taɓa tambayata ma'anarsa ba. Sana'arsa gyaran goge ce, irin na Turawa, na katako mai tsirkiya huɗu da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa. Ya rufe shago tun kafin in san shi, amma falonsa bai rabu da ƙanshin ƙaro da tsohon katako ba.

Goge ɗaya ne ya rage masa, launinsa kamar zumar da ta daɗe a tulu, ba ko tsirkiya a jikinsa. Wata ranar da hantsi ya cika falon, ya ce in ɗauko, in zare ɗan turken da ke gindinsa, in ɗaga shi wajen taga in leƙa ta ramin.

Na sa ido. Wallahi ɗaki na gani. Haske yana zubowa ta tsagu biyun nan masu lanƙwasa da ke jikin gogen, ga wani siririn ginshiƙi a tsaye, ƙura tana yawo a hankali. Sai na ji kamar in tuɓe takalmi in yi sallama.

“Kin ga sawun wuƙa a bangon?” in ji Baba. “Dubi inda ya karkata. Bahago ne.”

“Wa?”

“Wanda ya sassaƙa shi. Bai bar suna ba.”

Ya ce a wani ƙauye aka yi shi cikin duwatsun Turai, tun zamanin kakannin kakanninsa. Idan ƙanƙara ta rufe hanyoyi, gida duka ake zama a kan aikin: maigida yana sassaƙa, uwargida tana shafa ƙaro, ’yan mata suna goge katako har ya yi santsi. Kafin a sare bishiya sai an buga mata ƙotar gatari an kasa kunne, wadda ta amsa da kyau ita ake kayarwa. A tsawon aikinsa, in ji shi, gogen bahagon nan kaɗan ne suka biyo ta hannunsa, kuma kowanne yana buɗewa yake gane shi, kamar ka haɗu da ɗan garinku a tasha. Yana magana ina kallon taga, motoci suna wucewa a ƙasa, ni kuwa ina can ƙauyen, ina jin ƙarar gatari a cikin sanyi.

Daga baya ya ce yana so ya sake jin muryar gogen. Da hannuna muka ɗaura tsirkiyoyin, yana cewa “murɗa kaɗan, tsaya, ya isa.” Saura mai kaɗawa. Sai na tuna da telan da ke yi min ɗinki a layi na 116, dattijo mutumin Maraɗi, wanda ya taɓa gaya min ya yi kiɗan goge da ƙuruciya.

“Haba Hajiya,” ya ce da na same shi a kan keke. “Na bar wannan tun kafin in je Makka.”

“Alhaji, marar lafiya ne ya roƙa. Duba shi za ka je.”

Ya sa zare a allura, sannan ya ce Lahadi bayan la’asar.

Ya zo da babbar riga da ledar lemo. Da aka miƙa masa gogen bai kai shi haɓa ba, a cinya ya kafa shi, ya jingina da ƙirji irin riƙon gida. Baba ya buɗe baki zai gyara masa, sai ya fasa. Jan farko ya fito kamar kukan ƙofa, muka yi dariya mu duka. Tela ya bar sauran tsirkiyoyin ya kama ɗaya. A hankali wani taki ya fara fitowa, siriri, yana hawa yana sauka, irin wanda nake jiyowa daga gidan biki ina yarinya, ina kwance a tabarma barci yana ɗibata. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Rana ta yi ja a bangon gidan da ke kallonmu.

Da ya tsaya, tsohon ya daɗe idonsa a rufe. Can ya tambayi sunan waƙar, na fassara. Tela ya ce shi ma bai sani ba, a wajen kawunsa ya ji ta.

Da sanyi ya shigo, ’yar tsohon ta zo ta tafi da shi wajenta a wata jihar. Ni na sauko da gogen, na kwantar da shi a kujerar baya kusa da mai shi. Aka tura ni wani gida a Bronx. Har yanzu idan na kai ɗinki, tela yakan ɗago daga keke ya ce, “Hajiya, ko an ji labarin mutumina?”